Zinariyar da ke Cikin Jan Layi: Kimiyyar Ƙananan Abubuwa da Cututtukan Gidajenmu



Da wuya a sami gida ɗaya a Madina ko Nima ko Maamobi wanda ba a taɓa ɗaukar yaro mai zafin jiki daga cikinsa an kai shi asibiti ko kemis ba, aka soki ɗan yatsarsa, aka ɗiga jinin a cikin wata 'yar farar roba, aka ce a dakata minti 15 ko 20. In jan layi ɗaya ya fito, sai a ce ba zazzaɓin cizon sauro ba ne. In biyu suka fito, sai a ce shi ne, a rubuta magani. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wannan jan layi a mafi yawan irin waɗannan robobi zinariya ce, irin wadda ake haƙowa a Obuasi da Tarkwa, sai dai an mai da ita ƙanana ƙwarai har launinta ya sauya daga rawaya ya koma ja. Wato ke nan kimiyyar da Turawa ke kira nanoteknoloji, wadda muke ji a rediyo kamar labarin wata duniya, ta daɗe da shigowa unguwanninmu, har ta taɓa jinin 'ya'yanmu. Saboda haka muka ga ya dace mu zauna mu dubi abin da take, da abin da ta riga ta yi a fagen magani, da abin da ake fata daga gare ta, da kuma inda masu neman kuɗi ke fakewa da sunanta su cuci bayin Allah.

Mene ne nano?

Nano ma'auni ne. A raba mita ɗaya gida biliyan, kashi ɗaya daga ciki shi ne nanomita. Hankali ba ya kama wannan lissafi sai da misali. Kaurin silin gashin kai guda ya kai kimanin nanomita 80,000. Faɗin ƙwayar jan jini guda kimanin 7,000 ne. Ƙwayar cutar korona da ta tsayar da duniya a 2020 kimanin 100 ce kacal. Farcen mutum yana tsiro da misalin nanomita ɗaya a kowace daƙiƙa, ga shi kuwa ba wanda ya taɓa zama ya ga farcensa na tsiro. In aka kwatanta nanomita da mita, kamar a kwatanta ƙwayar gujiya ce da duniya ɗungurungum. Nanoteknoloji ita ce gwanintar ƙera abubuwa da sarrafa su a tsakanin nanomita 1 zuwa 100, ko sama da haka kaɗan.

To, me ya sa ƙanƙanta za ta zama abin magana? Kowace mai girki ta san amsar, ko da ba ta san sunanta ba. Dunƙulen kanwa in aka jefa shi a tukunya yakan daɗe bai narke ba, amma in aka daka shi nan da nan yake bin ruwa, domin dakan ya yawaita fuskar da ruwa zai taɓa. A ɗauki wani abu mai kusurwa huɗu, santimita ɗaya ta kowane ɓangare: dukan fuskokinsa santimita murabba'i 6 ne. In aka yayyanka shi zuwa gutsattsari masu nanomita ɗaya ɗaya, jimillar fuskokin za ta kai mita murabba'i 6,000, wato kusan filin ƙwallo guda, alhali nauyinsa bai ƙaru ba. A wannan mataki halayen abu sukan canza: launinsa, da yadda yake narkewa, da yadda yake haɗuwa da wasu abubuwa. Ga kuma babban dalili na likitoci: ayyukan da ke gudana a cikin jikinmu, na cuta da na waraka, a daidai wannan ma'auni suke gudana, don haka wanda ya iya ƙera kaya a wannan girma ya iya aika saƙo har cikin ƙwayar halitta.

Bari mu ɗan ratse zuwa tarihi, domin akwai abin sha'awa a ciki. A ƙarni na 9 na Miladiyya, zamanin Abbasiyawa, magina tukwane a Iraƙi sun gano hanyar shafa wa kwanonin yumɓu haɗin azurfa da tagulla su gasa su a wuta mai hayaƙi, sai kwanon ya fito yana walƙiya kamar na zinariya. Sana'ar ta bi ta Masar har ta kai Andalus. Da masana na wannan zamani suka duba ɓaraguzan waɗannan kwanoni da manyan madubai, sai suka tarar walƙiyar tana fitowa ne daga ƙwayoyin azurfa da tagulla masu girman nanomita da ke kwance cikin fatar kwanon. Maginan sun iya aikin ba tare da sun ga abin da suke yi ba. A 1857 Michael Faraday a London ya haɗa jan ruwa daga zinariya, ya kuma fahimci cewa ƙanƙantar ƙwayoyin ce ta kawo jan. A 1959 wani masanin Amurka, Richard Feynman, ya yi wata lacca da ta shahara kan yiwuwar sarrafa abubuwa zarra-zarra. A 1974 wani Bajapane, Norio Taniguchi, ya raɗa wa fannin suna. A 1981 kuma aka ƙera a Zurik madubin da ke nuna zarra ɗaiɗai.

Mu koma ga 'yar robar gwaji. A cikinta akwai siririyar takarda. A farkon takardar an zuba ƙwayoyin zinariya, kowace kimanin nanomita 40, an liƙa wa kowace wani sinadarin garkuwar jiki wanda ba ya kama komai sai wani furotin da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke saki cikin jini. In furotin ɗin yana cikin jinin, zinariyar za ta maƙale masa, ruwan ya tafi da su har wani wuri da aka kafa tarko na biyu, su taru a nan, taruwar tasu ita ce jan layin da ido ke gani. Ɗaya layin kuwa shaida ce kawai cewa robar tana aiki. Haka abin gwajin ciki yake, haka na korona. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwadawa kafin a ba da maganin zazzaɓin, kuma ba don wannan 'yar roba ba da umurnin ya tsaya a takarda, domin ba kowane ƙauye ke da madubin likita da wutar lantarki ba. Abu ɗaya da ya kamata iyaye su sani: furotin nan yakan yi makonni a cikin jini bayan an kashe ƙwayar cutar, don haka yaron da ya sha magani makon jiya in ya sake zafin jiki, layi biyu ba lallai su nuna sabon kamu ba. Wannan hukunci na ma'aikacin lafiya ne, kada a yanke shi a tsakar gida.

Jakar mai mai ɗauke da magani

Matsalar magani mai ƙarfi tsohuwa ce: yana kashe cuta, yana kuma ɓarna a hanya. In aka yi allura, maganin yana bin jini ya zagaya ko'ina, ya taɓa zuciya da ƙoda da hanta, alhali wuri guda ake nufi. A farkon shekarun 1960 wani likitan jini a Ingila, Alec Bangham, ya lura cewa wani irin mai, irin wanda Allah ya gina fatar ƙwayoyin jikinmu da shi, in aka zuba shi a ruwa yakan naɗe kansa ya zama 'yan jakunkuna masu ruwa a ciki. Daga nan aka yi tunanin zuba magani a cikin jakar.

Misali mafi kyau a ganinmu shi ne wani magani mai suna amfoterisin, wanda aka samo a shekarun 1950. Yana kashe cututtukan naman gwari masu kisa, amma yana lalata ƙoda, yana sa karkarwa da zazzaɓi mai tsanani. Da aka sa shi cikin jakar mai wadda ba ta kai nanomita 100 ba, aka fito da shi da sunan AmBisome a 1990, sai ɓarnarsa ta ragu ƙwarai har ana iya ba da mai yawa a lokaci guda. Akwai wani irin sanƙarau da naman gwari ke kawowa, wanda ke kashe masu cutar ƙanjamau da garkuwarsu ta yi rauni. Daban yake da sanƙarau na lokacin zafi da muka sani a arewa. A da, maganinsa ƙarin ruwa ne kullum na mako guda ko biyu a gadon asibiti. Wani babban gwaji da aka yi kan mutum sama da 800 a Botsuwana da Malawi da Afirka ta Kudu da Uganda da Zimbabuwe ya nuna cewa ƙarin ruwa sau ɗaya na AmBisome, tare da ƙwayoyin sha na mako biyu, yana aiki daidai da tsohuwar hanya, da ƙarancin illa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi wannan hanya. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibiti, yana kwana kan tabarma a baranda yana lissafin kuɗin gado, ya san bambancin kwana ɗaya da kwana bakwai.

Sai ciwon daji, inda aka fi ɗora buri, inda kuma ya kamata mu fi yin hattara da zance. Akwai wani jan magani mai suna dokisorubisin da ake ba masu ciwon nono da wasunsu. Yana aiki, amma in ya taru yana raunana zuciya. A 1995 Amurka ta amince da Doxil, wato maganin nan a cikin jakar mai, kuma shi ake yawan lissafawa a matsayin maganin daji na farko na wannan fanni. A 2005 aka sami Abraxane, wanda aka naɗe da furotin jini. Hikimar da aka dogara da ita, wadda masana biyu na Japan suka bayyana a 1986, ita ce jijiyoyin jinin da ƙari ke ginawa cikin gaggawa suna da ɓuli-ɓuli, don haka ƙwaya mai girman nano za ta zurara ta nan ta taru a cikin ƙarin, ba za ta iya fita ta lafiyayyar jijiya ba. A jikin ɓera abin ya yi kyau matuƙa. Amma a 2016 wasu masana a Jami'ar Toronto suka tattara binciken shekara goma, suka tarar cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na abin da aka ɗura ke isa ga ƙarin, saura hanta da saifa ne ke tsince shi. Gaskiyar magana ita ce, waɗannan magunguna sun fi rage wahalar jinya fiye da ƙara yawan masu warkewa. Rage wahala kuwa babban abu ne ga mai jinya, sai dai bai kai abin da jaridu suka yi ta yayatawa ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ƙiyasin 2022 ya nuna ana samun mata kimanin 5,000 da ke kamuwa da ciwon dajin nono a Ghana a shekara, kuma likitocin Korle Bu da na Komfo Anokye sun daɗe suna kukan cewa mafi yawansu sai ciwo ya yi nisa suke zuwa. Mun san dalilan a unguwanninmu: kunya, da tsoron yanka, da watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe. Akwai masananmu na Afirka da ke aiki a kan matsalar, irin su Farfesa Wole Soboyejo, wanda ya yi shekaru tare da ɗalibansa a Abuja da Amurka yana gwada ƙwayoyin nano masu neman wani mugun nau'in ciwon nono da ya fi yawa a tsakanin baƙaƙen mata. Muna yi musu fatan nasara. Amma a yau ɗin nan, matar da ta ji ƙullutu ta je aka duba ta a makon farko ta fi samun rabo fiye da wadda ta zo bayan shekara, ko da an tanadar wa ta biyun mafi tsadar maganin duniya.

Rigakafin zazzaɓin cizon sauro

A nan ne Ghana take da labari nata na kanta. A 2023 zazzaɓin cizon sauro ya kashe kimanin mutum 597,000 a duniya, kusan dukansu a Afirka, kuma kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka mutu a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. An shafe shekaru da dama ana neman rigakafinsa ana kasawa, domin in aka ɗauko furotin ɗin fatar ƙwayar cutar aka yi allura da shi haka nan, garkuwar jiki ba ta kula shi. Dabarar da ta ci ita ce a jera furotin ɗin a bayan wata 'yar ƙwallo mai kimanin nanomita 22, wadda aka gina da furotin fatar ƙwayar ciwon hanta. Ƙwallon fanko ce, ba cuta a cikinta, amma siffarta ta ƙwayar cuta ce, don haka jiki yakan zabura ya shirya mata. Wannan shi ne rigakafin RTS,S. An gwada shi a kan yara a ƙasashen Afirka 7 daga 2009 zuwa 2014, ciki har da Kintampo da Agogo a nan ƙasar. A 2019 aka fara ba da shi a wasu gundumomi na Ghana da Kenya da Malawi, kuma bayan an yi wa yara sama da miliyan 2, aka tarar mace-macen yara masu shekarun karɓarsa sun ragu da kashi 13 cikin ɗari a wuraren da aka bayar.

Na biyu shi ne R21, wanda Jami'ar Oksfod ta haɗa, kamfanin Serum na Indiya ke yi. Ana gauraya shi da wani mai zaburar da garkuwa da ake kira Matrix-M, shi ma ƙwayoyi ne masu kimanin nanomita 40, kuma abin mamaki, daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile ake samo sinadarinsa. Masu sassaƙe-sassaƙe na gargajiya sai su ji daɗin wannan, amma su lura da tsawon hanyar da ɓawon ya bi, ta awo da tacewa da gwaji, kafin ya shiga jikin jariri. Gwajin da ya fito da sunan R21 a Nanoro ta Burkina Faso aka yi shi, ƙarƙashin Farfesa Halidou Tinto, inda a 2021 aka ba da rahoton kariya ta kashi 77 cikin ɗari. A watan Afrilu na 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta zama ta farko a duniya da ta amince da shi. Kwaddebuwa ta fara yi wa yara a Yulin 2024, Nijeriya kuma a Disambar 2024, ta soma da jihohin Kebbi da Bayelsa. Allura huɗu ce, kuma inda ake samun tangarɗa shi ne ta huɗun, wadda ke zuwa bayan yaro ya fara tafiya, lokacin da uwa ta daina zuwa awo tana ganin ya wuce haɗari. Kariyar tana raguwa in ba a cika ta ba, kuma ko an cika, gidan sauro yana nan a matsayinsa.

Game da korona kuwa, ranar 24 ga Fabrairu 2021 Ghana ta zama ƙasa ta farko da ta karɓi rigakafi ta shirin COVAX, allurai 600,000 na AstraZeneca. Daga baya a shekarar aka kawo na Moderna da na Pfizer, waɗanda su ne 'ya'yan wannan kimiyya na sosai. Abin da ke cikinsu wani saƙo ne mai rauni, wanda in aka zuba shi a jini tsirara zai lalace nan take, shi ya sa aka rufe shi cikin ƙwayar mai ta kimanin nanomita 100 ta kai shi cikin ƙwayoyin jiki. Mun tuna yadda kalmar nano ta zagaya wayoyinmu a lokacin, ana cewa wata na'ura ce ake dasa wa mutane a riƙa bin sawunsu. Ƙwayar mai ce, ba batir gare ta ba, ba waya, kuma jiki yana narkar da ita tare da saƙon cikin ɗan lokaci. Illolin da aka tabbatar, irin su kumburin tsokar zuciya da ya sami wasu 'yan samari ƙalilan, da borin jini ga wasu, likitoci ne da kansu suka gano su suka bayyana.

Amosanin jini

In akwai cutar da muke roƙon Allah ya sa wannan fanni ya kai gare ta, to sikila ce. Kimanin jarirai 2 cikin kowane 100 da ake haifa a Ghana da ita suke zuwa. Ƙasar nan ta ba duniya manyan masananta: Farfesa Felix Konotey-Ahulu, wanda ya jagoranci asibitin masu sikila a Korle Bu, da Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda ya fara gwajin jarirai a Kumasi a 1995. Tushen cutar kuskuren harafi ɗaya ne a rubutun gado na jiki. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko mai gyara rubutun gadon. Amma a dubi yadda ake yin sa: a zaro ƙwayoyin ɓargo daga jikin maras lafiya, a kai su ɗakin bincike a gyara, a ba shi magani mai ƙarfi ya share ɓargon da ya rage, wanda kan iya hana shi haihuwa, sa'annan a mayar masa da gyararrun, ya yi makonni a keɓe. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda. Ko an sayar da layi guda na gidajen Nima ba a biya wa yara biyu ba.

Burin masana shi ne a sa kayan gyaran cikin ƙwayar mai irin ta rigakafin korona, a yi ƙarin ruwa, ta je ta yi gyaran a cikin jiki. An riga an yi haka ga hanta. A 2021 aka ba da rahoton manya na farko da aka yi wa, masu wata cutar gado ta daban, a 2025 kuma likitoci a Filadelfiya suka haɗa wa wani jariri mai cutar hanta ta gado magani nasa shi kaɗai cikin watanni shida, suka aika shi ta wannan hanya. Hanta ce ta zo da sauƙi, domin can ƙwayar mai take nufa da kanta in ta shiga jini. Ɓargo shi ne mai wuya. A 2023 masana a Jami'ar Pensilbeniya sun nuna a jikin ɓeraye cewa in aka liƙa wa ƙwayar wata alama za ta iya gane ƙwayoyin ɓargo ta shiga. Tsakanin ɓera da ɗan Adam akwai tafiya, mun ga haka a kan ciwon daji. Saboda haka gwajin jini kafin ɗaurin aure, wanda wasu limamanmu suka fara nema, da maganin haidroksiyuriya mai rage yawan tashin ciwon, su ne abin da ke hannu, kuma bai kamata labarin maganin gobe ya sa wani ya yi sakaci da su ba.

Akwai wasu ƙananan nasarori da za mu ambata a gurguje. Ƙarin ruwa na sinadarin ƙarfe da ake yi wa masu ƙarancin jini ƙwayoyin nano ne da aka lulluɓe da wani irin sukari. An gwada shi a kan mata masu juna biyu sama da 1,000 a Legas da Kano, aka ga sau ɗaya ya fi ƙwayoyin sha gyara ƙarancin ƙarfen, ko da yake bai nuna fifiko a kan ƙarancin jinin gaba ɗaya ba. Masu cutar ƙanjamau kuma a wasu ƙasashe suna karɓar allura bayan kowane wata biyu maimakon ƙwaya kullum, domin an niƙa maganin zuwa lu'ulu'u ƙanana masu narkewa sannu a hankali cikin tsoka.

Masu sayar da suna

Duk kalmar da ta yi farin jini, 'yan kasuwa sukan ara. A Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shiga Legas, aka sanar cewa za a gwada wani abu mai suna Nano Silver a kan masu cutar. Cikin 'yan kwanaki hukumomin Nijeriya suka janye, domin bai cika sharuɗɗan bincike ba, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta gargaɗi masu tallarsa. Abin da ya kawar da Ebola daga Nijeriya a watan Oktoba na shekarar shi ne bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar gida-gida da keɓe su. Azurfa tana da amfani na gaskiya a bayan fata: akwai bandeji mai ƙwayoyin azurfa da ake rufe ƙuna da shi. Amma shan ruwanta bai taɓa tabbata yana warkar da wata cuta ba, kuma in aka daɗe ana sha takan taru a fata ta mai da mutum shuɗi-shuɗi mai toka-toka, launin da ba ya fita har abada.

Har yau muna ganin irin wannan haja a tashoshin mota da cikin trotro da saƙonnin WhatsApp: kofi mai nano, abin wuya mai nano, sabulu, ruwan wanke jini, kowanne yana maganin hawan jini da ciwon sukari da rashin haihuwa a lokaci guda. Maganin nano na gaskiya ana yin sa ne don cuta guda sananniya, mafi yawansa allura ne ko ƙarin ruwa da ake yi a asibiti, da yawa daga cikinsa sai an ajiye a firji, kuma yana ɗauke da lambar rajista ta hukumar magunguna wadda ake iya bincikawa. Sa'annan ƙanƙantar da ke sa abu ya yi amfani ita ce kuma ke sa ya yi illa: hayaƙin tayoyi da wayoyin da ake ƙonawa, da na tsofaffin motoci, cike yake da ƙwayoyi masu wannan girma, waɗanda ke shiga can cikin huhu.

Saura batun wa zai ƙera. Kusan duk abin da muka lissafa daga waje ake kawo shi, kuma a 2021 mun ga yadda masu kuɗi suka fara cika rumbunansu kafin su tuna da mu. Tun daga lokacin an kafa cibiyar koyar da haɗa irin wannan rigakafi a Kef Tawun, kamfanin BioNTech ya buɗe masana'anta a Kigali a Disambar 2023, Ghana kuma ta kafa cibiyarta ta rigakafi a 2023. Cibiyar bincike ta Noguchi, wadda ke aiki tun 1979, tana nan Legon, tafiyar 'yan mintoci a mota daga kasuwar Madina, kuma ƙofar shiga irin waɗannan wurare ita ce darasin kimiyya da lissafi a sakandare, sa'annan digiri a fannin haɗa magunguna ko kimiyyar sinadarai ko ta ƙwayoyin halitta. Yaran zango da ke zaɓen darussa a wannan shekara, mata da maza, su da iyayensu su san cewa wannan hanya tana cikin waɗanda ke gabansu.